Gwangwanin da Ke Ɗakin Malam

Dakoro, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Haula,

Tun kafin gaisuwa ina gargaɗinki. Idan kin gama karanta wannan takarda kada ki ɗauki salula ki kira ni wai za ki yi mini bayani, don ba zan ɗauka ba. Abin da ya mai da ni ga biro da takarda kamar zamanin da nake kwalej shi ne, yanzu a gidan nan akwai wani kunne da ba nawa ba, ba na babanku ba, kuma ke kika aiko shi. Ki sami wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Badaru da ƴan jikokina. Yaya aiki, yaya zafin Yamai? Mu nan lafiya lau, sai rana da ke dukanmu. Babanku yana gaishe ki. Idanun dai sai haƙuri, haske da duhu kaɗai yake rarrabewa. Ciwon sukarin kuma yau ya hau gobe ya sauka, muna godiya ga Allah.

Saƙonki ya iso tun watan jiya ta hannun direba. Ƙanenki Nu'man ya buɗe kwalin yana rawar jiki kamar an ba shi sakamakon jarrabawar BAK ɗin da bai zauna ba tukuna. Na ga abu kamar gwangwanin madara, baƙi, da wani ɗan akwatin rezo mai kawo intanet. Ya jona su a ɗakin Malam. Sai ga shi ana kiran gwangwani da sunan wata mace ta Turawa, ya kawo shuɗin haske a ka, ya amsa da Faransanci da murya irin ta masu karanta labarai. Ƴan gidan sun sa masa suna Madam. Ni gwangwani nake ce masa, kuma a haka zan tsaya.

Ba zan zalunce shi ba, ni ba a yi mini tarbiyyar ƙarya ba. Yana faɗa wa babanku lokaci ba sai ya kira kowa ba. Yana sa masa karatun Alƙur'ani, surar da ya ambata ita za ta zo. Yana kama masa rediyo. Nu'man ya zuba sunayenku a ciki, ke da yayanku, yadda Malam zai ce a kira wane a kira shi ba tare da ya lalubi maɓalli ba. Da safe kuma yana tuna masa shan magani. Kin san babanku, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana mushe, wato malamin boko, a lakwal ɗin Birnin Lalle da Rumbu, yau ya sami ɗalibin da ba ya gudu. Yini yake yana yi masa tambayar manyan biranen duniya. Ranar nan ya tambaye shi ko za a yi ruwa a Dakoro, ya ba shi labarin Maradi, Malam ya ce masa ya zauna, sifili ya ci. Na ji dariyarsa daga madafa, rabon da in ji ta har na manta. Wannan na rubuta miki shi don kada ki ce uwarki ba ta ganin alheri.

To yanzu ki saurari sauran.

Na farko, abin nan ba a yi masa sallama, ba a gaishe shi, umarni kawai ake jefa masa ya yi. Bakin yaro kuwa abin da ya saba shi yake maimaitawa. Shekaranjiya Nu'man ya shigo daga makarantarsu ta lise, ko takalmi bai cire ba, ya tsaya tsakar gida ya ce wai Inna, ruwa. Haka kawai, kalma biyu. Na tambaye shi ko ya ga shuɗin haske a kaina. Ya yi dariya. Ni ban yi ba, sai da ya koma zaure ya sake shigowa da sallama.

Na biyu, maƙwabciyarmu Aisata ta zo muna maganar rikicin gidan ɗiyarta a bakin ƙofar Malam, inda inuwa take. Babu wanda ya kira gwangwanin, sai ya haska ya ce wai bai fahimci tambayar ba. Wa ya tambaye shi? Aisata ta zabura ta ja mayafinta, ta ce ita ba ta saba zance da ɗan leƙen asiri a gefe ba. Nu'man ya rantse mini ba ya ji sai an kira sunansa. Na ce masa, in ba ya saurare ta yaya yake sanin an kira shi? Yanzu mata sai su tsaya a zaure su aiko a ce in fito.

Na uku shi ne ya hana ni sukuni, shi ya sa na ɗauki biro. Kin san tun da idanun babanku suka tafi, kowace safiya Nu'man ne ke shiga ya durƙusa ya gaishe shi, ya kai masa kunu, ya zauna har ya shanye, sannan ya ɓare ƙwayar magani ya sa masa a tafin hannu. Da la'asar ya riƙe masa hannu ya kai shi gindin bishiyar bedi wurin su Elhaji Cindo, su yi ta musun labaran duniya har magariba. To yanzu maganin yana ƙarƙashin matashin Malam, wai ai Madam za ta tuna masa. Gaisuwa daga bakin labule ake jefo ta. Gindin bedi kuwa an daina zuwa, wai Baba ya riga ya ji labarai. Elhaji Cindo ya zo sau biyu ya tarar ana hira da gwangwani, ya zauna kamar baƙo, bai ƙara dawowa ba.

Haula, ke kina ganin kin aiko wa babanku abokin hira. Ni abin da nake gani shi ne kin aiko wa ƙanenki hujjar tserewa. Dattijo yana zaune shi kaɗai a ɗaki tun safe har yamma, kuma don ana jin murya na tashi daga ciki kowa ya ɗauka ba shi kaɗai ba ne. Ki rubuto wa Nu'man, tunda maganarki ta fi tawa daraja a wurinsa yanzu, ke mai aiko kaya daga Yamai.

Ki gaishe da Badaru, ki shafa mini kan yaran. Na sa miki kilishi da ƴar kuka a hannun direban. Allah ya yi miki albarka, ya kuma ƙara miki tunani.

Mahaifiyarki,
Furera


Dakoro, ranar Alhamis

Zuwa ga Haula,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da iyalinki. Na san yayanku ya kira ki daga asibiti ya ce jikin Malam da sauƙi. Gaskiya ne, da sauƙi, mun dawo gida, yana ci yana sha. Amma yayanku ya tace miki labarin don kada hankalinki ya tashi. Ni ba zan tace ba. Ina so ya tashi.

Ranar Litinin aka yi rasuwa a unguwarmu, tsohuwar gidan Kalla mai dabbobi. Da sassafe na dama kunun Malam na zuba a kwano na rufe a madafa. Na gaya wa Nu'man da bakina ya kai masa, ya ce to. Ya roƙi salulata wai ƴan ajinsu za su turo darasi, na ba shi. Muka tafi gaisuwa ni da Aisata.

Abin da ya faru bayan fitata daga bakinsu na tattara shi. Nu'man yana cikin wanka ya ji gwangwani yana sanar da lokacin magani. A ransa sai ya ji kamar an gama da Baba. Ya sa riga, ya ɗauki jaka da salulata, ya jefa gaisuwa daga bakin labule ya fice. Babanku ya laluba ƙarƙashin matashi ya haɗiyi ƙwayarsa yadda aka umarce shi, ya zauna yana jiran kunu. Kin san halinsa, ba zai ɗaga murya yana kiran abinci kamar yaro ba. Da shiru ya yi yawa sai ya ce a sa masa karatu.

Ke da kika yi karatu mai zurfi, gaya mini, gwangwaninki ya san ko cikin mutum da abinci ko babu? Ya san maganin sukari ba a shan sa da yunwa? Likita ya faɗa mana wannan tun ranar farko, shi ya sa kunu ke gaba ƙwaya na biye, kuma hannu ɗaya ke kawo su. Ku kuka raba su. Kuka ba na'ura rabin aikin, rabin kuma ya zube a ƙasa ba wanda ya waiwaya.

Rana ta take sosai muka dawo, ni da Aisata da wasu mata biyu da suka biyo mu shan ruwa. Tun daga zaure nake jin karatu na tashi, har na ce musu Malam yana nan lafiya. Na leƙa madafa na ga kwano a rufe yadda na bar shi. Haula, ban san lokacin da na isa ɗakin ba. Na same shi ya zame daga kan katifa, kansa a jikin bango, riga ta jiƙe sharkaf da zufa, jikinsa sanyi ƙalau, idanu a kafe. Ina kiransa yana gurnani. Gwangwani kuwa yana ta karatunsa a kan tebur, bai san komai ba.

Na tallabi kansa a cinyata, na ce Aisata ta miƙo zumar da ke kan kantar ɗakin, na dinga shafa masa a dasashi yadda aka koya mana. Ana bukatar mota. Salulata tana lise. Ta Aisata babu lambar yayanku a ciki, ni kuma ban haddace ba, sauran biyun ko salula ba su fito da ita ba. Aisata ta tsaya gaban gwangwani tana yi masa magiya da Hausa, tana haɗa shi da Allah ya kira ɗan gidan, shi kuwa yana ce mata bai fahimta ba. A ɗakin nan ni kaɗai ke jin Faransanci. Kuma abin ba ya kiran mutum sai an faɗi sunansa yadda aka rubuta masa.

Kin san yayanku ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba, ko a gabansa ko a bayansa. Haka uwata ta yi da nata, haka kakata. A lakwal da aka ce in faɗi sunan yaro, ƙanwata na tura. Shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da wannan kunya, ba wanda ya taɓa kama ni. Ranar Litinin, a gaban matan unguwa uku, na ɗaga murya na faɗa wa gwangwani sunan ɗana. Bai ji da kyau ba saboda kukan Aisata, sai da na maimaita da ƙarfi.

Ya kira. Wannan ma na rubuta, ya kira, kuma nan take yayanku ya ɗauka. Amma bakina ya riga ya kwance, da na ji muryarsa sai na sake kiran sunan, shi kansa na kira. Daga baya ya gaya wa matarsa cewa da ya ji sunansa a bakina ya tabbata Baba ya rasu, don babu abin da zai sa Inna ta yi haka sai mutuwa. Ya baro wurin aikinsa ya iso da mota ko hula babu, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya tarar babansa na numfashi. A asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, kafin la'asar ya buɗe baki ya tambayi inda yake. Likita ya ce da mun ƙara jimawa a gidan rasuwar, da wani zancen ake yi.

Nu'man ya zo asibiti da salulata a hannu. Ban zage shi ba, ban taɓa shi ba. Da muka dawo na kai shi madafa na buɗe kwanon, kunun ya yi tsami ya tsinke, na ce ya tsaya ya dube shi. Tun ranar bai iya haɗa ido da ni ba.

Yanzu labari ya gama unguwa. Masu kirki suna cewa lalura ce. Marasa kirki, in na wuce, sai in ji ana tambayar juna wai ashe Furera ta san sunan. Yayanku kuwa in ya shigo gaishe mu kansa a ƙasa, ni ma nawa a ƙasa, kamar mun yi wa juna laifi.

Kada ki rubuto ki ce ai gwangwani ne ya cece shi. Na sani, ina wurin. Shi ya kira mota, shi kuma ya sa aka bukaci motar.

Ki gaida mutanen gidanki. Allah ya tsare gaba.

Mahaifiyarki,
Furera


Dakoro, ranar Asabar

Zuwa ga ɗiyata Haula,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu. Na ga inda hawaye ya ɓata tawada, Allah ya yi miki albarka, na san kina son babanki. Yaya Badaru, yaya tarin ƙaramar? Ki daina ba ta ruwan firiji. Malam ya warware sarai, har ya fara faɗan an cika masa gishiri a miya.

Amma shawararki ban karɓe ta ba. Wai za ki sa a ƙara wa gwangwani tunatarwa ta biyu, ya riƙa cewa a ci abinci kafin magani. Wai kuma akwai wani sabo mai ido, wanda za ki riƙa ganin ɗakin Baba daga Yamai. Haula, kina jin kanki kuwa? Kunne bai ishe mu ba sai kin ƙaro mana ido? In ya ce a ci abinci, shi zai tashi ya ɗauko kwanon daga madafa? In kin hango babanki a ƙasa daga ofis ɗinki, ta cikin gilashin za ki miƙo hannu? Kada ki saya. In kin saya, direban da ya kawo shi zai mayar.

Yayanku shi nasa ra'ayin a fasa abin da taɓarya a huta. Ni ma da farko haka na so. Jiya bayan sallar Juma'a na tara su a ɗakin Malam, shi da Nu'man, na cire igiyar kuran, wayar wutar gwangwanin, da hannuna don kada a yi zancen a gaban baƙo, na ce yau za a yanke hukunci.

Sai babanku ya ce a bar masa abinsa. Na ce saboda me, bayan abin da ya ja mana? Ya ce, shi mutum ne da ya saba tsayawa gaban aji yana ba da amsa, yau ya koma mai tambaya, ƙarfe nawa, wa ya shigo, ina butata. Ya ce gwangwanin nan ko sau goma ya tambaye shi abu ɗaya, bai taɓa yi masa tsaki ba, bai taɓa cewa Baba ai yanzu na gaya maka ba. Ya ce makaho yana jin numfashin wanda ya ƙosa ya tashi, ko bai yi magana ba. Bai ambaci sunan kowa ba. Nu'man ya kifa kai a gwiwa yana kuka. Yayanku ya juya yana kallon bango. Ke kam daga baya ya ambace ki, ya ce Haula ba ta da lokaci shi ya sa ta aiko wanda ke da shi, Allah ya saka mata. Da alheri ya faɗa. Ni da na ji, ba alheri na ji ba, kuma ina so ke ma ki ji yadda na ji.

Ran nan na fi kowace rana fushi, Haula. Mutumin da ya koya wa ƴaƴan mutane karatu a ƙauyukan da ko rijiyar kirki babu, ya ciyar da ku ya tufatar da ku, a ce yau abin da ya fi kowa haƙuri da shi a gidansa gwangwani ne. Wannan abin kunya ne, kuma ba na gwangwanin ba ne.

Don haka ba a fasa ba, ba a kuma mayar miki ba. Na sa Nu'man ya goge tunatarwar magani a gabana. Na sa ya canza sunan yayanku a ciki ya koma Babba, yadda ko gobe lalura ta zo ba sai an tona ni ba. Maganin ya bar ƙarƙashin matashi ya dawo ɗakina. Igiyar kuran ma ɗakina take kwana, a cikin kwalla ɗaya da maganin.

Malam ya yi ta mita, wai na mai da shi fursunan kunu. Na ce ya kai ƙara. Yau da safe aka fara, ko da yake Asabar ce Nu'man na sa ya buɗe. Ina daga tsakar gida ina jin su, kunun da yake shanyewa a kurɓi kaɗan sai da ya huce a hannunsa, yana kurɓa yana tambayar Nu'man darasin tarihi, yaron na amsawa yana kuskure, ana ce masa sifili. Ban leƙa ba.

Ga dokar, na rubuto miki don ta shafe ki. Kowace safiya mutum ne zai shiga wurin Malam da ƙafarsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba shi kunu, ya zauna ba tare da salula a hannu ba har ya shanye, sannan ya sa masa ƙwaya a tafin hannu. Wanda ya kawo mini kwano babu komai a ciki, shi zan ba igiya ya jona masa gwangwaninsa, su yi ta musu har la'asar. Da an yi kiran la'asar igiya ta dawo hannuna, a riƙe hannun Malam a kai shi gindin bedi, ko ya ji labarai ko bai ji ba. Ranakun lise Nu'man ne, Asabar da Lahadi yayanku. In kun zo hutu, duk kwanakin da za ki yi a gidan nan naki ne, ba aike, ba wakili, kuma ki gaya wa Badaru shi ma surukuta ba ta fitar da shi ba. Ranar da kwano bai zo ba, igiya ba ta fita, kuma wanda ya jawo haka shi zai shiga ya zauna ya riƙa faɗa wa babanku lokaci da bakinsa har rana ta faɗi.

Ki gaishe da maigidanki da yaran. Babanku ya ce a gaya miki yana sa miki albarka. Ni ma haka.

Mahaifiyarki,
Furera